Sai da suka ɗauki gicciyen da kafaɗarsu

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku 'yan'uwa. Ni kafinta ne a garin Zuru, jihar Kebbi, ɗan Katolika tun haihuwa, ni ba fada ba ne ba kuma katakis mai koyar da addini a coci ba. Shaidar da zan bayar ita ce yadda Allah ya yi amfani da sana'ar hannuna da bakin yara matasa ya rayar mana da Hanyar Gicciye a cocinmu, wato addu'ar da ake tsayawa sau goma sha huɗu ana tuna tafiyar Yesu da gicciye har zuwa kabari, ya kuma warkar min da wani ciwo da na daɗe ina fama da shi a zuciya ba wanda ya sani sai matata. Zan ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

A ƙauye na taso, can ta hanyar Ribah. Cocinmu ginin ƙasa ne, Fada sai an yi sa'a ake ganinshi, to Baba Katakis ne ke jan komai. Da zarar Larabar Toka ta wuce an shiga azumin kwana arba'in, kowace Juma'a da yamma za ka ji an buga tsohon wilin mota da aka rataye a bishiyar mangwaro, Mama ko tana tsakiyar daka za ta jingine taɓarya ta ɗaura kallabi ta ce mu wuce. Ni da wani abokina mu ne masu riƙe kyandir, ɗaya dama ɗaya hagu, muna bin Baba Katakis daga hoto zuwa hoto har goma sha huɗu, kakin kyandir yana ɗiga a yatsa yana ƙuna amma ba ka isa ka yi motsi ba. Ban gane rabin abun da ake karantawa ba a lokacin, amma na san bayan faɗuwar Yesu ta farko sai haɗuwa da Maryamu, bayan Maryamu sai Saminu da ya taya shi ɗaukar gicciye, bayan Saminu sai matar nan mai ƙyalle da ta share mishi fuska, don ƙafata ce take kai ni wurin.

Da na girma na tafi Kontagora koyon aiki, na dawo Zuru na buɗe shago na yi aure. Ana cikin haka ƙanena da ke bi min ya shiga soja, kun san mu mutanen ƙasar Zuru da aikin soja, da wuya ka shiga gida ba ka samu wanda ya sa kaki ba. Aka tura shi arewa maso gabas, can ya rasu, can aka binne shi tare da abokan aikinshi. Saƙo da jakarshi kawai suka iso mana. Mama ta rungume jakar nan ta ƙi saki, abun da take ta maimaitawa shi ne "ko hannunshi ban taɓa ba, ko fuskarshi ban wanke ba". Tun daga nan ina zuwa Mas ranar Lahadi kamar kowa, amma Hanyar Gicciye na kasa. In aka zo tsayawa ta goma sha uku inda aka sauko da gawar Yesu aka ɗora wa uwarsa a cinya sai in ji ƙirjina ya toshe, in ce a raina ke Maryamu ai an ba ki naki kin riƙe, tawa uwar fa. Sai na riƙa zama a shago ranar Juma'a ina cewa aiki ya yi yawa.

Wata shekara gab da azumi Fada ya aiko a kira ni, wai gara ta cinye katakon hotunan Hanyar Gicciye na cikin coci, in zo in sake musu firam. Na kwaso su na kawo shago muka jera a kan benci ni da yaran da ke koyon aiki a wurina. Ɗaya daga cikinsu ɗan Katolika ne, an yi mishi baftisma, yana karɓar Jibin Ubangiji, har ƙungiyar mawaƙan coci yana shiga. Yana goge ƙurar hoto na shida sai ya ɗago ya ce "Oga, wacece wagga matar da ke riƙe da tsumma?" Na ce ba ka san Veronika ba? Ya ce a'a. Na ce to jera min su daga na farko zuwa na ƙarshe, yaron nan ya sa binnewa kafin a sauko da Yesu daga gicciye, faɗuwa ukun ma ya ɗauka hoto ɗaya ne aka maimaita. Kai, jikina ya yi sanyi. Yaron ba shi da laifi, tunda aka haife shi ba wanda ya taɓa miƙa mishi ko kyandir ya ce riƙe.

Ranar da na mayar da hotunan Juma'a ce, na tsaya a bakin ƙofa ban shiga ba. Ciki iyayenmu ne 'yan Zumuntar Mata da tsofaffi maza kaɗan da ƙananan yara da aka jawo dole. Samari kuwa suna waje a kan babura suna danna waya suna jiran a tashi su ɗauki iyayensu zuwa gida. Na faɗa wa Fada abun da na gani, sai ya ce to tunda abun ya dame ka ga ƙungiyar matasa nan ta CYON ba su da uba mai ba su shawara, ka zauna da su. Na so in zame don ni kaina gudun addu'ar nake yi, amma kunya ta hana ni ce mishi a'a.

Zaman farko ban yi musu wa'azi ba, tambaya kawai na yi, me ya sa ba ku shiga? Da farko shiru, sai wata yarinya ta ce "Kawu, gaskiya karatun ya yi tsawo kuma mutum ɗaya ke yi, mu sai dai tashi da durƙuso." Wani ɗan acaba ya ce lokacin da ake yi shi ne lokacin da ake tashi daga kasuwa, in ya ajiye babur ya rasa kuɗin da zai kai wa mai shi. 'Yan aji shida na sakandare suka ce lesin ɗin jarrabawar WAEC da JAMB duk a watannin nan yake faɗowa. Wani kuma ya ce abokanshi na wasu coci-coci suna tsare shi da tambaya wai a ina aka rubuta Veronika a Littafi Mai Tsarki, ya rasa amsa, shi ya sa yake jin nauyin abun. Duk cikinsu ba wanda ya ce bai gaskata ba ko ba ya son Yesu. Wannan ya sa nake jin haushi in na ji manya suna cewa yaran yanzu sun lalace ba su da juriya. Jikokin mutanen da suka yi golmo ne fa, saurayi ya yi shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, rana da ruwa bai gudu ba. Juriya tana cikin jininsu, aikin ne ba a ba su ba.

Tambayar Veronika ta sa na koma wurin Fada na ce ya koya min asalin abun don in samu abun faɗa musu, ya zaunar da ni ya warware min, ni kuma na kai musu yadda na ji. Asali masu ziyara ne zuwa Urushalima suke bin hanyar da Yesu ya bi da gicciye suna tsayawa suna addu'a. A 1342 Paparoma ya damƙa wa 'yan ɗarikar waliyyi Faransis kula da wurare masu tsarki na can, su ne suka yaɗa al'adar zuwa Turai saboda talakan da ba zai taɓa iya zuwa Urushalima ba ya samu ya bi hanyar a garinsu. Da can adadin tsayawar ya bambanta daga wuri zuwa wuri, sai a 1731 Paparoma Kilement na 12 ya tsayar da goma sha huɗu. Wani waliyyi Leonard na Port Maurice shi kaɗai ya kafa Hanyar Gicciye a wurare sama da 500 a Italiya, har da wadda ya kafa a 1750 cikin tsohon filin wasan Romawa, Kolosiyum, inda Paparoma ke jagorantar addu'ar a daren Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da mutuwar Yesu. Fada bai ɓoye min ba, ya ce faɗuwa ukun nan da haɗuwa da Maryamu a hanya da Veronika ba a rubuce suke a Linjila ba, gadon bangaskiya ne da Ikilisiya ta riƙe tana tunani a kai, amma Saminu Bakurane yana nan a Markus 15:21 har da sunayen 'ya'yanshi, matan Urushalima suna Luka 23. Ya ce a 1991 ma Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya yi amfani da wani tsari da kowace tsayawa daga Linjila take, farawa daga lambun Getsamani. Da na faɗa wa yaran haka ba kwana-kwana sai na ga fuskar yaron nan ta saki, ya ce ashe ba ɓoye mana ake yi ba. Yaro in ka gaya mishi gaskiya ya fi riƙe abu da in ka ce mishi yi shiru haka muka tarar.

Abun da ya fi kama su shi ne da suka ji cewa a 2018 matasa 'yan makaranta ne suka rubuta tunanin da aka karanta gaban Paparoma Faransis a Kolosiyum, a 2021 kuma yara ne suka rubuta har da zanensu. Wata ta ce "To Kawu mu me zai hana?" Ni ma na ce me zai hana.

Baba Katakis na cocinmu na gari bai yarda nan take ba, kuma ina ganin yana da hujja. Ya ce "Ɗana, addu'ar ga mun gaje ta, ba mu muka ƙirƙiro ta ba, in kunka maida ta wasan yara alhakin na wuyanku." Muka yi yarjejeniya a gaban Fada. Ba za a taɓa jerin tsayawar ba, ba za a cire sujadar da ake yi wa Almasihu a farkon kowace tsayawa ana durƙusawa ana amsa cewa ta gicciyensa mai tsarki ya fanshi duniya ba, Ubanmu da A gaishe ki Maryamu suna nan, waƙar baƙin cikin Maryamu da ake yi tsakanin tsayawa da tsayawa ita ma tana nan. Abun da aka ba matasa shi ne ɗaukar gicciye, riƙe kyandir, karanta aya, da gajeren tunani na kowace tsayawa da za su rubuta da kansu, kada ya wuce rabin shafin littafin makaranta, kuma sai Baba Katakis ya duba ranar Laraba kafin a karanta. Lokaci ma aka raba biyu, iyaye suna nasu da la'asar kamar kullum, na matasa aka sa da sassafe kafin makaranta da kasuwa, tunda yanayin tsaro bai bar mu mu yi taron dare ba.

Gicciyen ni na yi shi da yarana. Na fara tunanin ƙirya amma ƙirya ta yi nauyi ƙwarai za ta ji wa yaro ciwo, malaina kuma ta yi sakayau ba za ka san ka ɗauki komai ba, sai na tsaya a kan maɗaci. Ban shafa mishi fenti ba, samfefa kawai muka bi gefen da zai hau kafaɗa don kada sartse ya shiga, sauran muka bar shi da kaushinshi da sawun zarto. Mutum ɗaya zai iya ɗauka amma ba zai yi nisa ba sai an kama mishi, da gangan na yi haka. Ragowar katakon muka yanka ƙananan gicciye goma sha huɗu muka kafa kewaye da filin coci, Fada ya sa musu albarka. Cikin masu goge su har da yarona Musulmi, a 2025 da azuminmu da nasu suka haɗu a watan Maris, muna shago dukkanmu baki a bushe cikin zafin bazara, shi yana jiran magariba mu muna ƙauracewa nama ranar Juma'a, ba wanda ya takura wa wani.

Makon farko ba su da yawa kuma kunya ta cika su, mai karatu yana rawar murya, masu gicciye suna ta sauya kafaɗa. Amma wanda aka ba tsayawa ta bakwai dole ya zo don ba wanda zai karanta mishi, kuma ba zai zo shi kaɗai ba sai ya jawo abokinshi. Haka abun ya riƙa ƙaruwa. Ɗan acaban nan shi ya rubuta ta biyar, ya ce Saminu daga ƙauye ya fito yana harkar gabanshi aka tare shi aka ɗora mishi kayan da ba nashi ba, bai so ba amma ya ɗauka, ya ce shi ma tun da babanshi ya kwanta ciwo aka ɗora mishi ciyar da gida yana ɗan shekara sha bakwai kuma kullum cikin fushi yake, yanzu yana roƙon Yesu ya sa ya gane wa yake taya ɗauka. Samari da yawa sun sunkuyar da kai don labarinsu ne.

Kun san halin da ƙasarmu ta shiga. Ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai 'yan bindiga sun tashi da yawa daga cikinsu, kowa ya tuna ɗaliban da aka kwashe a Birnin Yauri a watan Yunin 2021, garin Zuru ya cika da waɗanda suka gudo, wasu a gidajen dangi wasu a kangaye. 'Ya'yansu suna zuwa coci su zauna can baya ba sa magana da kowa, takalmi ma wani ba shi da shi. Shugabar 'yan matan ƙungiya ce ta ce a ba su tsayawa su ma. Wata yarinya cikinsu da ba ta fi shekara sha shida ba ta ce ita ta goma sha uku take so, ba ta iya rubutu sosai ba sai ta faɗa aka rubuta mata, ranar kuma ta ajiye takardar ta yi da ka. Ni ina baya ina lura da masu gicciye, niyyata in an zo nan in zagaya bayan coci kamar yadda na saba, amma taron ya matse ni ban samu hanya ba. Ta ce ranar da aka shigo ƙauyensu babanta yana gona, su suka gudu ta daji, har yau ba wanda ya koma ya ɗauko shi, ba su san inda ƙashinshi yake ba. Ta ce da tana jin haushin hoton nan, amma wata rana tana kallonshi sai ta ga ai hannun Maryamu a buɗe yake, ta ce "Mama Maryamu, tunda Yesu ya ba ki mu a gindin gicciye, wanda duk ba a samu mai ɗauka ba ke ki ɗauke shi, ki riƙe min Baba yadda kika riƙe ɗanki." Iyakar abun da ta faɗa kenan.

'Yan'uwa ban san sanda gwiwata ta kai ƙasa ba. Kukan da ban yi ba tun ranar da aka kawo jakar ƙanena a nan na yi shi, gaban yaran da ke ce min Kawu da Oga, ba wanda ya ce min komai, wani yaro dai ya dafa min kafaɗa har aka gama ta goma sha huɗu. Ranar Lahadi na hau babur na je wurin Mama na faɗa mata maganar yarinyar nan kalma da kalma. Ta yi shiru ta jima, sannan ta ce in kai ta Juma'a mai zuwa tana so ta ga yarinyar. Na kai ta. Yanzu yarinyar tana ce mata Kaka, in ta samu hutu can take zuwa ta taya ta surfe. Ni kuma tun daga ranar ban sake gudun tsayawar nan ba.

Daga nan yaran da kansu suka ce addu'ar kada ta tsaya a fili. Suka kawo wani gwangwani, kowace Juma'a kuɗin da mutum zai sa data ko ya sayi tsire ya jefa abun da ya samu, Mako Mai Tsarki gab da Ista aka fasa aka sayi dawa da sabulu aka kai wa waɗanda suka gudo, ba a tambayi wane ne Kirista wane ne Musulmi ba. 'Yan mata suka ce su Veronika ne, suka riƙa zuwa wanke wa tsofaffin da ba su da kowa kaya da share musu ɗaki.

Inda muka yi ja-in-ja sosai shi ne wasan kwaikwayon Juma'a Mai Kyau. Matasa suna son shi, ni ma ba na ƙin shi, amma na sha ganin yadda yake komawa abun dariya, masu yin sojan Roma suna zuba bulala suna tsalle, jama'a suna shewa, wayoyi a sama kowa na ɗaukar bidiyo ya sa a Facebook da TikTok. Mutuwar Ubangiji ake tunawa fa. Na ce musu in za a yi to a yi shi cikin addu'a, ba ihu, ba bulalar gaske, a kowace tsayawa 'yan wasan su daskare yadda suke kowa ya durƙusa a yi addu'ar, mutum ɗaya tak zai ɗauki hoto. Wasu sun ji haushina har biyu suka fita daga wasan, kuma har yanzu akwai masu ganin na cika tsanani. A kan wannan dai ban sauka ba.

Ba zan ce muku komai ya gyaru ba. Akwai waɗanda sai ranar Juma'a Mai Kyau kawai ake ganinsu, akwai samarin da suka tafi haƙar zinari ba su dawo azumi ba, bayan Ista kuma taron yakan ragu sai an sake faɗi-tashi a watan Mayu da Oktoba lokacin Rosari. Wani lokacin yaro ya rubuto abun da ba shi da alaƙa da tsayawar sam sai Baba Katakis ya zauna da shi su sake, kuma abun mamaki shi da ya fi kowa ɗari-ɗari yanzu shi ke ajiye takardun yaran a cikin wata leda a ɗakinshi, ya ce ba za a zubar ba. Yaron shagona da bai san Veronika ba shi ke koya wa 'yan katakisim jerin tsayawar yanzu, da hotunan a hannu yana sa su jerawa.

Bana matasan wasu ƙananan coci-coci na ƙauye a nan dayosis ɗinmu na Kontagora sun aiko suna so su ma, to duk guntun maɗaci da ya rage a shago ba ma kai shi murhu, muna yanka ƙananan gicciye muna ɗaurewa goma sha huɗu goma sha huɗu, tsawon kowanne kamar taƙi biyu, sai 'yan acaban cikinmu su kai musu in hanya ta yi kyau. Babban gicciyen kuwa na ce kowane ƙauye su nemi itace su sassaƙa nasu da hannunsu, ni zan je in nuna musu yadda ake haɗa gaɓar don kada ta kwance a kafaɗar yaro. Sharaɗin da nake ba su shi ne su fara zama da katakis ɗinsu da Fada kafin su kafa ko ɗaya, kuma su tabbata yaran da ke zama can baya an ba su tasu tsayawar. Ku sa mu a addu'a, musamman waɗanda ke kan hanyar Wasagu da Bena, don har yanzu akwai inda ba mu samu kai musu ba.